ZUCIYA TANA HUTAWA KUWA?

A cikin watan Agusta na shekarar 2023, makonni kaɗan bayan sojoji sun karɓe mulki a Jamhuriyar Nijar aka kuma rufe iyaka, wata 'yar buƙata ta tashe ni daga garinmu Bugaje ta kai ni Magama. Manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin titi, an lulluɓe kaya da tamfol, direbobi da yaransu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocin suna shan inuwa. Na zauna wajen wani mai shayi, kusa da wani dattijon direba da yaron motarsa. Yaron ya ƙura wa ƙasa ido, ko ƙiftawa ba ya yi, har shayinsa ya huce. Can sai dattijon ya taɓa shi ya ce, "Kai, tunanin me kake yi haka?"

Yaro ya yi firgigit ya ce, "Wallahi maigida ba komai."

Dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, ka ji fa. Wai ba komai! Ai rai ba ya zama haka nan. Ni yau kwana nawa rabona da barcin kirki. In na rufe ido lissafin kayan mutane, in na buɗe lissafin cefanen gida. Da ana sayar da ba-komai ɗin nan a kasuwar Jibiya, da ni ne farkon mai saye."

Muka yi dariya, aka shiga wata hira. Amma tun daga ranar maganar ta ƙi barina. Wa ya fi gaskiya, yaron da ya ce zuciyarsa fayau take, ko dattijon da ya ce hakan ba ya yiwuwa? Shin zuciyar ɗan Adam tana taɓa tsayawa da tunani, ko kuwa tun daga haihuwa har kabari ba ta ajiye kaya? Wannan ita ce tambayar da nake so mu tattauna a wannan maƙala, don kuwa mu da muke riƙe da alƙalami, tunani shi ne gonarmu, bai kuwa kamata manomi ya jahilci halin ƙasar da yake nomawa ba.

Tsohuwar Gardama

Kada mai karatu ya zaci musun nan a teburin mai shayi ya fara. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo wani misali da ya shahara. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke, yana rataye a sarari, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba su taɓa juna, ba ya ji ba ya gani. Duk da haka, in ji shi, mutumin nan zai san cewa akwai shi. A wurin Ibn Sina, sanin da rai ya yi wa kansa ba ya yankewa, ko a cikin barci. Abin da kan ɓace shi ne tunawa da wannan sanin.

Bayan kimanin shekara 600, wani masanin falsafa na Faransa, Rene Dekart, ya ɗora gininsa a kan irin wannan harsashi. A littattafansa na 1637 da 1641 ya nuna cewa mutum yana iya shakkar kome, amma ba ya iya shakkar cewa yana shakka, shakka kuwa tunani ce. Daga nan ya yanke hukunci cewa tunani shi ne ainihin rai, kamar yadda tsawo da faɗi suke ainihin jiki. In haka ne, ran da ya daina tunani ya daina zama rai ke nan. Saboda haka ya dage a kan cewa har jariri a cikin mahaifa yana tunani, sai dai ba ya riƙe abin da ya tuna. Dattijonmu na Magama, da ya sani, yana da manya a bayansa.

Shi ma yaron mota ba maraya ba ne. Jon Lok na Ingila, a babban littafinsa kan fahimtar ɗan Adam wanda ya fito a wajajen 1690, ya ce sam bai yarda ba. A ganinsa tunani aiki ne da rai ke yi, kamar yadda motsi yake aikin jiki; jiki kuwa yakan tsaya cik bai daina zama jiki ba. Ya ce a tambayi duk wanda ya yi barci mai nauyi ba mafarki. In ka ce masa ai ya kwana yana tunani bai sani ba, to kai ina ka samo labarin? Ya ƙara da wata hujja mai kaifi: in har rai yana tunani cikin barci, yana jin daɗi da wuya, amma mai farkawa ba ya da masaniya, to ashe mai barci daban, mai farkawa daban, mutum biyu ne ke karɓa-karɓa da jiki ɗaya.

Sai Bajamushen nan Laibniz ya shigo tsakani, a wani littafi da ya rubuta a matsayin amsa ga Lok, wanda ba a buga ba sai 1765, shekaru da dama bayan rasuwarsa. Shi cewa ya yi dukansu sun manta da abu ɗaya, wato akwai ƙananan abubuwa da rai ke ji ba tare da mai shi ya lura ba. Ya ba da misali da wanda ke zaune kusa da injin niƙa, wanda sabo ya sa ba ya jin ƙarar. Mu ma mun san wannan: maƙwabcin mai niƙa yakan yi barcinsa cikin ƙara, amma da injin ya mutu sai ya farka. Da ba ya jin ƙarar, yaya aka yi ya ji ɗaukewarta? Uwa takan yi barci cikin hayaniyar gidan biki, amma ɗanta na yin ɗan motsi ta buɗe ido. A ƙauyukanmu na ƙasar Jibiya kuwa, a shekarun da 'yan bindiga suka matsa, mun ga abin da ya fi haka. Magidanci yana barci, tsawa ba ta tashe shi ba, haushin kare bai tashe shi ba, amma ƙugin babur daga nesa da tsakar dare sai ka gan shi tsaye. Lalle akwai wani mai gadi a ciki wanda bai kwanta ba, yana tace abin da kunne ya kawo.

Abin da Muka Karanta a Zaure

Abin mamaki shi ne, mu da muka yi karatun zaure mun daɗe da cin karo da wannan mas'ala, sai dai ba a gaya mana sunanta falsafa ba. Duk wanda ya karanta Ishmawi ya san an kasa barci kashi huɗu dangane da alwala: mai nauyi yana warware ta, dogo ne ko gajere, mara nauyi gajere ba ya warwarewa, mara nauyi dogo kuwa an so a sake. Malamai suka ba da alama, suka ce mai nauyi shi ne wanda carbi zai faɗi daga hannunka ba ka sani ba, ko a yi magana kusa da kai ba ka ji ba. An jera shi tare da suma da maye da hauka, duk a ƙarƙashin gushewar hankali. Ashe ke nan fiƙihu ya yarda cewa akwai lokacin da hankali ba ya nan, har ma an ɗauke wa mai barci alƙalami sai ya farka. Hausawa ma da suka ce barci ƙanin mutuwa, wannan gushewar suka hango.

A ɗaya ɓangaren kuma, ga babin rafkanuwa a Ahalari, wanda ya cinye babban kaso na littafin. Me ya sa aka tanadi ƙabli da ba'adi? Saboda an san cewa mutum yakan yi alwala, ya fuskanci alƙibla, ya yi niyyar tattara hankalinsa na 'yan mintoci kaɗan, amma kafin ya kai raka'a ta uku zuciya ta tafi kasuwa ta dawo, har ya rasa ko uku ya yi ko huɗu. Wato dai a farke zuciya ba ta zama wuri ɗaya, ko da mai ita ya so.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a kan haka a cikin Ihya'u, a kashin da ya keɓe don abubuwan mamaki na zuciya. Ya kamanta ta da tafki wanda magudanai ke kwarara cikinsa ta kowace fuska, wasu daga gani da ji, wasu daga abin da aka taɓa gani aka ajiye. Har ma ya kawo saɓanin masana a kan ko wasuwasi yana yankewa ƙaf a lokacin zikiri, ko kuwa lafawa kawai yake yi. Amma abin da ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne matakan da ya shimfiɗa. Da farko abu yakan ɗarsu a zuciya, sa'an nan rai ya karkata gare shi, sa'an nan zuciya ta yanke cewa ya kamata a yi, sa'an nan a ƙulla niyya. Matakai biyu na farko, in ji shi, ba a kama mutum da su, don ba da zaɓinsa suka zo ba. Hisabi yana kan abin da mutum ya zaɓa ya ƙulla. Mu riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Abin da Na'ura Ta Gani

Magabata da hujja suka yi gardamarsu. Na baya suka zo da na'ura. A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna wutar da ke gudana a ƙwaƙwalwar mutum, ya kuma bayyana sakamakon a 1929. Abin da aka gano tun daga nan shi ne, wannan wuta ba ta ɗaukewa, a farke ko a barci. Salonta ne kawai ke sauyawa. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago suka lura cewa akwai wani zango na barci da idanu ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fata, kuma mafi yawan waɗanda aka tasa a wannan zango sukan ce mafarki suke yi, har da waɗanda kan rantse ba su taɓa mafarki ba. A 2001 kuma Marcus Raichle da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da kan ƙara himma daidai lokacin da mutum ya ajiye aiki ya zauna haka nan, su ne ke tuno jiya, su kitsa gobe, su auna mutane. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma mafi yawan wannan ci ba ya raguwa don an zauna hutu.

Sai dai a yi hattara. Injin mota yana iya yin ƙugi alhali motar tana tsaye. Motsin ƙwaƙwalwa daban, tunani daban. A cikin waɗanda ake tasa daga barci mai nauyi akwai masu cewa ba su ga kome ba, ba su ji kome ba. Wanda kuma aka taɓa yi wa allurar barci don tiyata ya san wani abu da ya wuce barci: likita na cewa ya ƙirga, sai kawai ya ga kansa a wani ɗaki an gama aiki, awa uku sun wuce kamar ƙiftawar ido. Mai barci in ya farka yakan iya kintatar daɗewarsa, amma wannan ba shi da abin kintata. A nan Lok ya sami shaida.

Akwai kuma wata matsala da ba na'urar da za ta warware ta. Ba mai iya kama kansa yana cikin rashin tunani, don da zarar ya ce "ga shi ba na tunani", ya riga ya yi. Wilyam Jems, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, a littafinsa na 1890, ya kwatanta irin wannan yunƙuri da na mai ɗaga fitila da sauri don ya ga kamannin duhu. Yaron mota bai san zuciyarsa fayau take ba sai da maigidansa ya taɓa shi, a lokacin kuwa fayau ɗin ya riga ya wuce.

Ƙofa da Ɓarauniyar Hanya

A nawa ganin, rabin gardamar nan ta taso ne daga cusa abubuwa uku cikin kalma ɗaya. Harshenmu kuwa ya riga ya rarrabe su. Muna da hayyaci, wanda akan fita daga cikinsa a kuma dawo. Muna da saƙar zuci, ko zancen zuci, wanda ke zuwa ba a kira shi ba. Shi ya sa muke cewa zuciya ta raya mini, kamar wata ce daban ta yi maganar. Sa'an nan muna da nazari, wanda mutum ke zama ya yi da gangan, ya ɗauki al'amari ya juya shi har ya ga bayansa.

Mu mutanen bakin iyaka muna da misali a ƙofar gida. An rufe iyakar nan a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022; aka sake rufewa a 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Kowa ya san cewa a duk tsawon wannan lokaci ƙofar hukuma ce aka rufe. Ɓarayin hanyoyi na cikin daji ba su taɓa yin shiru ba, babura da jakuna da masu tafiya a ƙasa suna ta ratsawa dare da rana, ba takarda, ba hatimi. To, haka zuciya take. Nazari shi ne babbar ƙofa, inda ake tsai da kaya, a kwance, a duba, a rubuta. Ba kullum take buɗe ba, kuma ko tana buɗe kaɗan ne ke bi ta cikinta. Saƙar zuci ita ce ɓarauniyar hanya, zirga-zirgarta ba ta jiran izinin kowa. Can ba a rasa ba kuma, akan sami daren da ko a dajin ma ba motsi.

Saboda haka in an tambaye ni ko zuciya kullum tana tunani, sai in ce: ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa sai ran da rai ya yi halinsa, saƙar zuci tana cinye mafi yawan lokacinmu, amma tana da giɓi, nazari kuwa baƙo ne, sai an aika masa goron gayyata. Yaro bai yi ƙarya ba, dattijo ma bai yi ba. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne ƙarancin na ukun.

An ma gwada auna abin. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Habad, Killingsworth da Gilbert, suka riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban, suna tambayar me suke yi, ina kuma hankalinsu yake. Kusan kashi 47 cikin 100 na amsoshin sun nuna hankali yana wani wuri ba kan abin da ake yi ba, kuma a irin wannan lokaci mutane sun fi rashin walwala. A 2014 kuma, a Jami'ar Bajiniya, aka bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da in an danna yake jan mutum da lantarki. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun gwammace su danna da su zauna da zuciyarsu. Ashe dattijonmu ba shi kaɗai ne ke neman inda ake sayar da ba-komai ba.

To amma a dubi abin da ya hana shi barci. Lissafin kaya, lissafin cefane, a koma lissafin kaya. Wannan zulumi ne, saƙa da warwara, irin tafiyar raƙumin da ke juya injin rake, wanda zai wuni yana tafiya bai bar inda yake ba. Nazari yana da mafari yana da matuƙa: me ke hannuna, me ba ya hannuna, me zan yi gobe da safe. Wanda ya kai ga wannan matuƙa yakan sami barci, ko da matsalar tana nan. Sau da yawa wanda muke cewa tunani ya yi masa yawa, in ka duba da kyau, abu guda ne yake maimaitawa, bai kai ga yin tunanin ba tukuna.

A nan ne matakan Gazali ke da amfani, ta fuska biyu. Ta fuskar farko rahama ne: mutumin kirki da mugun abu ya ɗarsu a ransa, na hassada ko na ramuwa, kada ya ɗauki kansa mugu, don ba shi da ikon toshe ɓarauniyar hanya. Ta fuska ta biyu kuma nauyi ne: abin da ya shigo ba da izininka ba, kai ne ke zaɓar ko ka ba shi masauki da abinci, ko ka bar shi ya wuce. Ƙiyayyar da ke raba zumunta ba a dare ɗaya take girma ba. Ɗarsuwa ce da aka yi ta yi wa shimfiɗa kullum dare har ta zama mai gida.

Ina Ruwan Marubuci?

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, darasi biyu nake gani a nan. Na farko, kada mu raina ɓarauniyar hanya, don ta nan mafi kyawun kayanmu ke shigowa. Masanin lissafin nan na Faransa, Hanri Puwankare, ya ba da labarin yadda wata mas'ala ta gagare shi, ya ajiye ta ya yi tafiya, sai amsar ta faɗo masa daidai lokacin da ya ɗora ƙafa zai hau mota. Kowane marubuci ya san irin wannan: sunan tauraron labari ko ƙarshen baiti ya ƙi zuwa a kan tebur, sai ya zo a wajen wanka. Amma a lura, sai da Puwankare ya sha wahalar nazari kwana da kwanaki kafin kyautar ta zo. Wanda bai yi shuka ba, ko an yi ruwan dare ba abin da zai tsiro masa sai ciyawa. A kuma ajiye takarda kusa, don irin wannan baƙo ba ya kwana.

Na biyu, kada mu ɗauki duk abin da ya ɗarsu mu zuba a takarda mu ce mun yi rubutu. Yawancin abin da ke yawo a zuciya kayan wasu ne: maganar da aka ji a rediyo, salon littafin da aka karanta bara, ra'ayin majalisa. Dole a kai shi babbar ƙofa a kwance, a tambaye shi daga ina, na wane ne, gaskiya ne ko kuwa daɗin faɗi kawai gare shi. Littattafai da yawa da ke kama da juna kamar an tsaga kara, ba rashin basira ya jawo ba, rashin wannan binciken ne.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce rai dangin goro ne, hutu yake so. Ban ga alamar za mu iya ba zuciya hutu ta hanyar umurtar ta da yin shiru ba. Wanda ya gwada ya san ƙara ingiza ta yake yi. Abin da ke hannunmu shi ne mu ba ta abu guda ta riƙe, zikiri ne, ko aikin hannu, ko shafin da muke rubutawa, mu kuma ware lokacin da za mu zauna mu yi nazari na gaskiya, ko da na rabin awa ne a yini. Ban sake haɗuwa da dattijon nan ba, ina fata ya sauke kayansa lafiya ya sami barci. Yaron kuwa, da zan gan shi, sai in ce masa ya gode wa Allah da wannan ba-komai nasa, amma kada ya mai da shi sana'a. Allah Ya ba mu zuciya mai natsuwa da alƙalami mai faɗin gaskiya, amin.